DALLA-DALLA: Manhajar sakin sauti a dandali da gyaran da take buƙata kafin ta yi amfani a Anka, Gummi da Bukkuyum

A duk taron da aka kafa lasifika akwai mutum ɗaya da ba a cika kallonsa ba, alhali kunnen taron yana hannunsa. Yakan zauna a gefen rumfa, gabansa mikisa da wayar salula ko kwamfutar tafi-da-gidanka, igiyoyi sun kewaye ƙafafunsa. Wasu na ce masa DJ, wasu mai sauti. Idan ya saki sauti a kan lokaci babu mai tunawa da shi. Idan ya makara da daƙiƙa biyar, ko ya saki waƙar da ba ita aka nema ba, sai idanu su koma kansa, wani lokaci har da hannuwa.

A manyan gidajen wasan kwaikwayo na duniya an daɗe da ƙirƙiro manhajoji na musamman domin wannan aiki. An gina su ne da tunanin zauren da wutarsa ba ta ɗaukewa, da kwamfuta mai tsada, da ma'aikata masu yawa. Dandalin Anka, Gummi da Bukkuyum a yammacin Jihar Zamfara ba haka yake ba. A can ana fama da ƙarancin lantarki, da katsewar sadarwa, da jama'ar da kunnenta ya san ƙarar bindiga ta gaske. Gyaran da manhajar ke buƙata a irin wannan wuri shi ne ta zama abin dogaro a lokacin da komai ya tsaya, kuma ta taimaka wa mai riƙe da maɓalli ya kauce wa kuskuren da ba ya gyaruwa.

Mece ce manhajar sakin sauti?

Masu wasan dandali na ƙasashen Turai suna da kalmar da suke furtawa kamar "kiyu", wato alamar da ke cewa lokacin wani abu ya yi: a kunna fitila, a ja labule, a saki sauti. A Hausa ana iya kiranta ishara. Manhajar sakin sauti kuwa ita ce wadda ke jera isharorin wasa ɗaya bayan ɗaya, tun daga buɗewa har rufewa, kowace da lambarta da sunanta da fayil ɗin sautin da ke tare da ita.

Bambancinta da manhajar sauraren waƙa ta waya a fili yake. Manhajar waƙa tana gama wannan ta zarce wancan, ba ruwanta da abin da ke gudana a fili. Manhajar ishara kuwa tana ɗora sauti na gaba ta tsaya tana jira, sai mai sauti ya danna maɓalli ɗaya tak, sannan ta sake shi nan take, ta kuma matsa zuwa na gaba ta ci gaba da jira. Kowace ishara tana ɗauke da umarninta: daga wace daƙiƙa za a fara, a wace za a tsaya, da wane ƙarfi, ta wace lasifika, ko sautin zai shigo a hankali, ko zai dusashe, ko zai yi ta maimaita kansa har sai an tsayar da shi. Ana iya ɗora sauti a kan sauti, kamar kukan tsuntsaye a ƙarƙashin maganar ɗan wasa. Ana iya sa wata ishara ta bi wata da kanta bayan daƙiƙa uku.

Ta bambanta kuma da manhajojin DJ irin su VirtualDJ, wadda masu sauti da yawa a Najeriya suka saba da ita. Aikin waɗannan shi ne haɗa waƙa da waƙa domin kada rawa ta yanke. Aikin manhajar ishara shi ne bin abin da ɗan Adam ke yi a dandali, ko ya yi sauri ko ya yi jinkiri.

Daga hannun makaɗi zuwa maɓalli

Ishara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Zamfara. Ƙungiyar makaɗan fada irin ta Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ko ta Sa'idu Faru, tana tafiya ne bisa tsari mai tsauri. Uban kiɗa yana jan baiti, 'yan karɓi sun san inda za su shigo, masu kotso sun san inda za su sassauta domin magana ta fito, sanƙira ya san gaɓar da zai kutsa da kirari. Ɗaga hannu ko juyin murya ya isa kowa ya gane. Idan basarake ya iso ana tsakiyar waƙa, nan take a karkata zuwa takensa, ba tare da an tsaya neman komai ba.

Wasan kwaikwayon Hausa ma haka ya taso, daga tashe da wasan gauta zuwa rubutattun wasanni irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau da wasannin Shu'aibu Maƙarfi, har zuwa wasannin wayar da kai da malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka riƙa kaiwa ƙauyuka tun ƙarshen shekarun 1970. Sautin duk waɗannan a raye yake: baki, tafi, ganga.

Abin ya sauya da zuwan naɗaɗɗen sauti. Garmaho ya zo, kaset ya biyo baya, sannan faifan CD, sannan memori da filashi. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990 da bunƙasar masana'antar Kannywood, waƙar da aka haɗa a situdiyo da fiyano ta mamaye bukukuwa da tarukan siyasa. Mawaƙi ko ɗan wasa yakan hau dandali ya yi mamin waƙar da aka riga aka naɗa. Daga nan aikin da uban kiɗa da mutanensa ke yi da ido da hannu ya koma wuyan mutum ɗaya mai laluben fayil a cikin waya. Naɗaɗɗen sauti ba ya ganin dandali, ba ya jira, ba ya sassautawa da kansa. Giɓin da manhajar ishara ta zo cikewa ke nan.

A Turai da Amurka an bi irin wannan hanya. An yi zamanin da ake kaɗa falle na ƙarfe a bayan labule domin kwaikwayon tsawa, aka zo zamanin tef mai faifai biyu da ake yankawa a liƙa, aka zo na ƙaramin faifan MiniDisc da kamfanin Sony ya fitar a 1992, kafin kwamfuta ta karɓe aikin. Ƙa'idar MIDI ta 1983 ta ba na'urorin kiɗa damar aika wa juna umarni, a 1991 kuma aka faɗaɗa ta domin sarrafa fitilu da sauran kayan dandali. A 2008 kyautar Tony, wadda ake bai wa wasannin Broadway na birnin New York, ta ware rukuni na musamman ga masu tsara sauti, alamar cewa aikin ya zama sana'a mai zaman kanta.

Manhajojin da ake da su

Wadda ta fi shahara ita ce QLab, ta kamfanin Figure 53 da ke birnin Baltimore na Amurka, wadda ta fito a tsakiyar shekarun 2000. Ana amfani da ita a manyan gidajen wasa na New York da Landan. Tana da sigar kyauta mai taƙaitaccen aiki da lasisin da ake saye ko haya, amma a kwamfutar Mac ta kamfanin Apple kaɗai take aiki. Akwai Show Cue System, wadda aka ƙirƙira a Ostireliya domin kwamfutocin Windows, ita ma ta kuɗi ce. Akwai MultiPlay, ta Windows, kyauta. Akwai Linux Show Player, wadda kyauta ce kuma lambobin gininta a buɗe suke, lasisinta ya ba kowa damar gyara ta, fassara ta da rarraba ta. Domin yanka sauti da daidaita shi kafin a jera, da yawa na amfani da Audacity, ita ma kyauta.

Matsalar da ta haɗa su ita ce kusan duk sun ɗauka mai aiki yana da kwamfuta, yana karanta Turanci, kuma ya samu lokacin gwaji a zauren da za a yi wasan. Mai sauti a garin Gummi ko Bukkuyum sau da yawa wayar Android ce jarinsa, waƙoƙinsa sun zo ta Xender ko WhatsApp, kuma yakan ga jadawalin taro ne a ranar taron.

Yanayin dandalin yammacin Zamfara

Tun bayan da gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a Oktoban 1999, ta kuma fara aiki a Janairun 2000, aka rufe gidajen sinima a jihar, harkar kiɗa da nishaɗi kuma ta shiga ƙarƙashin sa ido. Saboda haka dandalin wannan yanki mafi yawa fili ne: harabar makaranta ranar yaye ɗalibai, walimar saukar Alƙur'ani, ƙofar fada ranar hawan salla, gangamin rigakafi, taron wayar da kai, da taron siyasa. Kowanne yana da lasifika, kowanne yana da mai sauti.

Wutar yankin tana ƙarƙashin kamfanin rarraba lantarki na Kaduna, wanda ke kula da Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara, kuma babu mai shirya taro da ke dogaro da ita. Janareto ake kunnawa, shi kuma ya yi tsada tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara domin yaƙi da 'yan bindiga, katsewar da ta ɗauki makonni a Gusau, ta kuma fi haka daɗewa a sauran ƙananan hukumomi. A lokacin gwamnati ta hana sayar da fetur a jarka, ta rufe kasuwannin mako. Duk manhajar da sai ta leƙa intanet ta tabbatar da lasisi kafin ta buɗe, a irin waɗannan kwanaki ta zama kwalliya kawai.

Sai batun tsaro. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga sun afka wa ƙauyuka a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce adadin ya kai kusan 200. A Oktoban wannan shekara gwamnatin Bello Matawalle ta ba da umarnin rufe Anka, Bukkuyum da Gummi baki ɗaya saboda hare-hare. Inda aka ga irin wannan, taro kan zama gajere, ana so a watse da sauran rana, kuma duk wata ƙara ta bazata tana iya tayar da gudu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Misali: wasan faɗakarwa kan gubar dalma

A Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano mace-macen yara da ba a saba gani ba a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Bincike ya nuna gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurar ta shiga ƙasa da abinci da hannun yara. Aƙalla yara 400 suka rasu. Garin Bagega bai samu aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa ba sai a 2013, bayan matsin lambar matasan Follow The Money da wasu ƙungiyoyi ya sa gwamnatin tarayya ta saki kuɗi. Haƙar zinare ba ta tsaya ba, don haka saƙon rigakafin bai tsufa ba: kada a kai dutse gida, a jiƙa shi kafin niƙa, a yi wanka a sauya tufafi kafin a taɓa yaro.

A ɗauka wata ƙungiyar matasa ta shirya wasan minti ashirin kan wannan batu a filin makarantar firamare. Jerin isharorinta zai iya kasancewa kamar haka:

1. Sallama da sanarwar buɗe taro, da muryar da aka naɗa.
2. Hayaniyar safiya a ƙauye, a ƙasa-ƙasa, tana maimaita kanta.
3. Ƙarar injin niƙa, a daidai lokacin da ɗan wasa ya ja igiya.
4. Injin ya dusashe zuwa rabi idan matar gida ta fara magana.
5. Kukan jariri daga lasifikar hagu, inda aka nuna ɗaki.
6. Shiru gaba ɗaya, daƙiƙa biyar.
7. Bayanin ma'aikacin lafiya, minti ɗaya da rabi.

Idan da wayar hannu ake wannan aiki, tsakanin ishara ta 3 da ta 5 mai sauti zai fita daga wannan fayil, ya nemo wancan, ya rage ƙara da yatsa. A nan ne kira ke shigowa ta lasifika, ko talla ta faɗo, ko waƙar biki da ke kusa da fayil ɗin ta tashi a daidai gaɓar mutuwar yaro. Jama'a su yi dariya, saƙo ya zube. Da manhajar ishara kuwa danni bakwai ne, idon mai sauti na kan 'yan wasa.

Gyare-gyaren da suka fi muhimmanci

Na farko, ta yi aiki ba tare da intanet ba, tun daga sakawa har amfani. A iya tura ta daga waya zuwa waya kamar yadda ake tura waƙa, kuma kada lasisi ya mutu don an yi wata guda babu sabis.

Na biyu, ta tsaya da ƙafarta a wayar Android mai araha. Wayoyi sun bambanta wajen jinkirin da ke tsakanin danna maɓalli da fitar sauti, don haka manhajar ta riƙa ɗora fayil na gaba tun kafin a buƙace shi. Ta kuma toshe ƙarar kira da ta saƙonni muddin wasa na gudana, ta hana allo mutuwa. Haɗa waya da lasifika ta Bluetooth kan ƙara jinkirin da ya kai kashi ɗaya ko biyu cikin goma na daƙiƙa, wanda ya isa a ga mari kafin a ji ƙararsa. Ya kamata manhajar ta gargaɗi mai aiki ya koma igiya.

Na uku, ta riƙa tuna inda aka tsaya. Idan janareto ya mutu ko batir ya ƙare, da an kunna ta dawo kan isharar da ake, a shiru, tana jiran umarni. Manhajar da ke komawa farko, ko ta tashi da cikakkiyar ƙara da zarar wuta ta dawo, haɗari ce.

Na huɗu, kariya daga kuskuren yatsa. Magana zarar bunu ce, sautin da ya fita ta lasifika ma haka. QLab tana da tsarin da ke hana danni biyu a jere su saki ishara biyu, tana kuma da maɓallin gaggawa: danni ɗaya ya dusar da komai, danni na biyu ya katse nan take. Duk manhajar da za a yi wa wannan yanki tana buƙatar waɗannan biyun, da ƙari ɗaya: a iya yi wa wasu sautuka alamar haɗari, kamar harbi, jiniya ko ihun neman agaji, ta yadda ba za su fita ba sai an tabbatar sau biyu, kuma ba za su wuce wani ƙarfi ba. Mafi alheri ma masu shirya wasa su sanar da jama'a tun farko cewa za a ji irin wannan ƙara, ko su musanya ta da bugun ganga.

Na biyar, maɓallan ko-ta-kwana da ba sa cikin jeri. Taron Hausa ba ya bin takarda sau da ƙafa. Babban baƙo kan iso a tsakiyar shiri, ladan kan kira salla, yaro kan ɓace a cikin jama'a. Ana buƙatar maɓallin da zai dakatar da komai cikin ladabi idan an fara kiran salla, ya kuma ci gaba daga inda aka tsaya. Ana buƙatar wani mai ɗauke da sanarwar da aka naɗa da murya mai natsuwa, wadda ke gaya wa jama'a ta inda za su fita idan wani abu ya taso. Mai riƙe da makirufo a lokacin firgici muryarsa kan ƙara firgita mutane.

Na shida, daidaita ƙarfin fayiloli. Waƙar situdiyo da saƙon murya na WhatsApp ba ƙarfinsu ɗaya ba, shi ya sa ake jin wannan kamar raɗa, wancan kamar tsawa. Ƙungiyar gidajen rediyo da talbijin na Turai ta fitar da ma'aunin R128 a 2010 domin magance irin wannan, kuma dabarar a buɗe take ga kowa. Manhajar ta auna kowane fayil tun lokacin shigar da shi, ta daidaita su.

Na bakwai, ta tattara wasa a kunshi ɗaya. Jeri da dukkan sautukansa su zauna a jaka guda da za a kwafa a filashi ko a tura wa waya ta biyu. Wuri ba matsala ba ne: minti ɗaya na sauti mai ingancin CD kusan megabayit 10 ne, na MP3 kuwa kusan megabayit ɗaya. Waya ta biyu mai ɗauke da kunshin, a jone da mikisa, ita ce inshorar taro.

Na takwas, harshe da gani. Umarnin manhajar ya kasance da Hausa, sunayen fayiloli su karɓi ƙ, ɗ, ɓ ba tare da sun rikiɗe sun zama akwatuna ba, a kuma iya rubuta su da ajami ga wanda ya fi sakewa da shi. Maɓallai su zama manya, masu launin da ake gani a tsakar rana, domin a fili ake aiki, cikin ƙurar hunturu ko zafin bazara da kan haura digiri 40.

Abin da manhaja ba ta gyarawa

Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Wanda ke mita 34 daga lasifika yana jin magana bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Idan aka kafa lasifika ta biyu a can baya ba tare da an jinkirta ta daidai wannan tazara ba, na baya zai ji kowace kalma sau biyu. A fili kuma, duk ninkin nisa yana rage ƙarfin sauti da kusan desibel 6. Wannan ne ke sa masu sauti ƙure ƙara domin na baya ya ji, na gaba kuma kunnensa ya cutu. Maganin shi ne lasifikoki da yawa masu matsakaicin ƙarfi, a rarrabe, kowace da jinkirinta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni a Maris na 2022 cewa matsakaicin ƙarar wuraren nishaɗi kada ya wuce desibel 100. Ta kuma nuna cewa baligi na iya jure desibel 80 na tsawon sa'o'i 40 a mako, amma lokacin yana raguwa ƙwarai da zarar ƙarar ta ƙaru. A tarukan ƙauye yara ne ke cunkushewa a gaban lasifika, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Akwai kuma ladubban aiki da ba su da alaƙa da manhaja: a kunna amfilifaya a ƙarshe, a kashe ta da farko, a nisanta janareto daga dandali, a raba igiyar sauti da ta wuta domin kauce wa gurnani, a ajiye kwamfuta a inuwa. Sama da duka, a yi gwaji ko da sau ɗaya ne kafin jama'a su taru.

Siyasa, doka da alhaki

A Arewa waƙa makamin siyasa ce tun zamanin NEPU da NPC a shekarun 1950, har zuwa zamanin Dauda Kahutu Rarara. A taron yaƙin neman zaɓe, mai sauti ne ke yanke wace waƙa za ta tarbi ɗan takara, muryar wa za ta fito, ta wa za a rage. Waƙar zambo da aka saki a garin da ba a so, ko a gaban magoya bayan wanda aka zaga, tana iya zama mafarin jifa.

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta hana kalaman zagi da na tunzura jama'a a yaƙin neman zaɓe, ta sa a rufe kamfe sa'o'i 24 kafin ranar ƙuri'a, ta kuma hana kunna lasifika kusa da rumfar zaɓe ga wanda ba jami'in da aka ɗora wa sanarwa ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, da aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta tanadi cewa kunna waƙar wani a bainar jama'a yana cikin haƙƙoƙin mai ita. Zamfara ta kuma ga yadda rikicin taro ke faɗawa kan masu riƙe da na'ura: a Oktoban 2022, lokacin da aka dakatar da tarukan siyasa, gwamnatin jihar ta ba da umarnin rufe wasu kafafen yaɗa labarai, ciki har da NTA Gusau da Pride FM, saboda sun ɗauko taron jam'iyyar PDP, kafin a janye umarnin bayan suka daga hukumar NBC da ƙungiyoyin 'yan jarida.

Manhajar ishara tana da abin da za ta bayar a nan. Jerin da aka rubuta tun kafin taro abu ne da shugaban kwamitin shirye-shirye zai iya dubawa ya amince da shi. Idan aka kulle jerin, babu mai miƙo filashi ana tsakiyar taro ya ce a saka wannan. Rajistar da manhajar ke ajiyewa, mai nuna abin da aka saki da lokacin da aka sake shi, tana iya wanke mai sauti idan aka ɗora masa laifin da ba nasa ba. Wannan ya ƙara muhimmanci yanzu da ake iya kwaikwayon muryar mutum da ƙirƙirarriyar basira: murya ta bogi da aka watsa ta lasifika a gaban dubban mutane ta riga ta yi aikinta kafin a ƙaryata ta. Sai dai rajista wuƙa ce mai baki biyu, domin mai iko na iya amfani da ita ya farauci mai sauti ko mawaƙi. Don haka ta zauna a na'urar mai ita, kada ta riƙa aika kanta wani wuri.

Wa zai yi gyaran?

Kamfanonin ƙetare suna gyara manhajojinsu ne bisa koken masu saye, kuma masu sayensu ba a Bagega suke ba. Hanyar da ta fi kusa ita ce manhajoji masu buɗaɗɗen gini. Fassara Linux Show Player zuwa Hausa, ko gina ƙaramar manhajar Android mai maɓallin saki, maɓallin katsewa da jeri mai kullewa, aiki ne da ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato za su iya ɗauka a matsayin aikin kammala karatu. Sharaɗin shi ne a zauna da masu sauti na gaske, a bi su taro, a ga inda yatsansu ke kuskurewa, a gwada abin da aka gina a rana da ƙura, da janareton da ke shaƙewa.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da kowace ƙungiya za ta iya yi da kayan da ke hannunta. A rubuta jerin isharori a takarda. A sa wa fayiloli lamba a farkon suna, 01, 02, 03, a zuba su a jakar da babu komai cikinta sai su. A sa wayar a yanayin jirgin sama. A tanadi waya ta biyu. A naɗa mutum ɗaya tak da zai riƙa ba mai sauti umarni, kamar yadda 'yan karɓi ke kallon uban kiɗa shi kaɗai. Ƙungiyar da ta saba da wannan tsari a takarda ita ce za ta san abin da za ta nema daga manhaja ranar da aka kawo mata.